Yadda zaka rage shan mai a motar turbo da aka yi wa tunin

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta bi ta haura har ta wuce dubu a ƙarshen 2024, tambayar da ƙannenmu masu Golf GTI da BMW 328i da C300 da su Accord 1.5T suke yi min kusan guda ɗaya ce: "Yaya, na kai motata an mata tunin, tana tashi yadda nake so amma mai baya kwana a tanki, in mayar da ita yadda take ne ko akwai dabara?" Toh akwai dabara. Mota mai tunin, wato wadda aka canza wa fayil ɗin kwakwalwa don ƙara mata ƙarfi, in kana tafiya da ita a hankali man da take sha kusan ɗaya ne da na wadda ba'a taɓa ba, inda suke rabuwa shine lokacin da turbo ya fara cusa iska da ƙarfi, sai kuma ƙananan matsalolin da da can suna ɓoye amma tunin ya fito dasu fili. Na jera aikin yadda ya kamata a yi shi, don Allah a bi a jere, kar a fara daga wajen mai kwamfuta.

1. Ka auna tukuna

Kar ka yarda da lambar da dashbod yake nuna maka. Kwakwalwar mota tana lissafa ta ne daga tsawon lokacin da injekta ke buɗewa, in an taɓa fayil ɗin motar ko an sa manyan injektoci to lissafin nan zai iya kaucewa, sai ka ga tana nuna maka lita 9 a kilomita 100 alhali 12 take sha.

Yadda ake yi: ka je gidan mai ɗaya da ka sani, ka cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, kar ka ce a ƙara a danna. Ka mayar da malejin tafiya sifili, ka yi zirga-zirgarka yadda ka saba har mai ya sauka ƙasa da rabi, ka koma famfon nan dai ka sake cikawa. Sai ka raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. Misali ka yi kilomita 380 ta ɗauki lita 45, kenan kilomita 8.4 a lita ɗaya. Ka yi haka sau biyu ko uku ka rubuta a waya.

A kula: kar ka haɗa awon cikin gari da na doguwar tafiya. Wanda ya wuni a gosulon Kano da wanda ya miƙa Kaduna lambarsu ba zata taɓa zama ɗaya ba, kowanne layinsa daban.

2. Ka sayi sikana ƙarama

Akwai ɗan ƙaramin sikana na OBD2 da ake kira ELM327, ana cusa shi a ƙarƙashin sitiyari ya haɗu da waya ta Bluetooth, ka sauke Torque ko Car Scanner. Kuɗinsa bai kai na rabin tankinka ba, kuma wallahi duk mai motar da aka yi wa tunin da bai da shi tuƙi yake a duhu.

Abu huɗu zaka duba. Na farko lambobin matsala: P0171 na nufin mai yayi kaɗan a cakuɗa, P0172 mai yayi yawa, P0299 turbo baya kai matsin da ake nema, P0300 zuwa P0304 fulogi na tsallake wuta, P0128 inji baya kai zafin da ya kamata. Na biyu zafin ruwa. Na uku gyaran da kwakwalwa take yiwa yawan mai, zaka ga an rubuta STFT da LTFT, in LTFT na tsakanin -5 da +5 cikin ɗari lafiya lau, in ya wuce 10 ta kowane ɓangare akwai abin da ke faruwa. Na huɗu matsin iskar turbo, wato bust, wanda zamu yi amfani dashi a mataki na 7.

A kula: kar ka goge lambobin kafin ka ɗauki hotonsu. Kuma ka cire sikanan in ka ajiye motar, wasu masu arha suna shan batir cikin dare. Sannan ka sani wasu masu tunin suna kashe wasu lambobin a cikin fayil don kar fitilar inji ta kunna, saboda haka rashin fitila a dashbod baya nufin komai daidai yake.

3. Tamostat da fanka

Wannan shine ciwon motocinmu a Arewa kuma shi nafi so a tsaya a kai. Mota na shigowa daga Kwatano sai a ce ai tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, na ƙasar sanyi ne, a cire a jefar, a haɗa fanka kai tsaye tana juyawa tun daga tada mota. Abin da hakan ke yi shine injin baya kai zafin aikinsa, wanda yake tsakanin digiri 85 zuwa wajen 105 ya danganta da mota, ita kuwa kwakwalwa in ta ga ruwa da sanyi sai ta ɗauka yanzu aka tada mota da asuba, ta cigaba da zuba ƙarin mai. Haka zaka yi ta yawo wata da watanni, man da bai ƙone ba yana wanke bangon silinda yana gangarawa cikin baƙin mai yana tsinka shi, kuma wannan baƙin man ne dai yake shafa turbo ɗinka.

Ka duba a sikana bayan tafiyar minti goma sha biyar. In a kan babban titi zafin ruwa na zama a 65 ko 70, musamman da hunturu, to ko an cire tamostat ko ya maƙale a buɗe. Ka sa a mayar da na asali, a mayar da fanka kan layinta. In makanikenka ya ce motar zata yi zafi, ka ce masa a nemo dalilin zafin: lagireto ya toshe, famfon ruwa ya gaji, murfin tankin ruwa baya riƙe matsi, ko ruwan rijiya ake zubawa maimakon kulan.

A kula: kar a buɗe murfin ruwa inji da zafi. Kuma bayan an canza tamostat dole a fitar da iskar da ta shiga layin ruwan, in ba haka ba zafin da ake tsoro zai zo da gaske.

4. Hanyar iska

Ka fara da filtar iska. Da ƙurar hunturu filtar da littafi ya ce a canza bayan kilomita dubu 20 ko 30 tana iya toshewa tun kafin rabin haka, ka cire ka ɗaga ta a rana, in haske baya ratsawa ka canza. Hura ta da iskar mai faci yana yaga takardar, ƙura ta wuce kai tsaye ta cinye fukafukan turbo.

In an sa maka buɗaɗɗiyar filta mai siffar mazurari a cikin bonet ba tare da katanga ba, iskar zafin inji take zuƙa, a watan Afrilu da ake haura digiri 40 kuwa iska mai zafi na sa kwakwalwa ta ja da lokacin wuta baya, ƙarfi ya ragu, kai kuma ka ƙara taka totur. Ko a mata katanga ko a mayar da akwatin asali. Masu filtar da ake shafa wa mai su sani man nan na ɓata sensar da ke auna iska, MAF, ana wanke ta da feshinta na musamman, ba'a taɓa wayar ciki da hannu ko da fetur. Wasu motocin irin GTI Mk7 basu da ita ma, da sensar matsi suke aiki.

Sai yoyon bust. Tunin ya ƙara matsi a kan robobi da bututun da shekarunsu sun ja, nan ne zaka ga kilif ya saki ko roba ta tsage. A BMW bututun roba da ke kai iska totur sananne ne wajen fashewa, a tsofaffin 2.0 TFSI kuma bawul ɗin da ke mayar da iska da PCV, mai fitar da tururin baƙin mai daga inji, ne suke yawan mutuwa. In iskar da sensa ta riga ta ƙirga ta zube a hanya, man da aka auna mata yana nan zai shiga, mota ta riƙa baƙin hayaƙi tana shan mai ba ƙarfi. Gwajin hayaƙi ne yake kama wannan, ana hura hayaƙi cikin bututun a ga inda yake fita, a manyan garejin Apo a Abuja da wasu a Kano da Kaduna akwai masu injin. Ka leƙa intakula ma, wato lagireton da ke sanyaya iskar turbo, in ƙura da ƙwari sun cike ta a wanke da ruwa mara ƙarfi.

A kula: bawul ɗin nan mai yin "fishhh" in ka saki totur, wanda ke zubar da iska waje, a motar da ke da MAF duk ƙarar da yayi mai ne ya tafi a banza. In shan mai ne damuwarka ka mayar da mai dawo da iska ciki.

5. Fulogi, koyil da baƙin mai

Motar da aka yi wa tunin tana cin fulogi da wuri, a lissafa canji wajen kilomita dubu 20 zuwa 25 maimakon abin da littafi ya ce. Yawanci ana sa wanda ya fi na asali sanyi da mataki ɗaya a kuma matse bakinsa zuwa milimita 0.6 ko 0.7, amma wanda ya rubuta fayil ɗin ne zai faɗa maka daidai. Jabun NGK da Bosch sun cika kasuwa, in farashi yayi araha da yawa ka bar shi. A canza duka tare, ba ɗaya-ɗaya ba. In mota na shaƙewa lokacin da ka taka da ƙarfi kuma fulogi sabo ne, koyil ne.

Baƙin mai kuma ka bi lambar littafi, galibi 5W-30 ko 5W-40, su Accord 0W-20. Mai kauri irin 20W-50 da ake zubawa tsofaffin motocin haya yana ƙara wa inji nauyi kuma baya isa turbo da wuri da safe. Ka nemi wanda aka rubuta API SP ko SN Plus a jikin galan, an yi su ne don kare ƙananan injinan turbo. Juye kuma kar ya wuce kilomita dubu 5 zuwa 7 da irin zafi da ƙurarmu.

Maganar indomi, wato katalis ɗin cikin salansa: cire shi baya rage shan mai sai dai in dama ya toshe. Wadda tafi shafar aljihunka itace sensar oksijin ta gaba, in ta gaji tana baiwa kwakwalwa labarin da ba daidai ba. In LTFT ya kauce kuma ba yoyo, ita za'a duba.

6. Fayil ɗin tunin da man da muke sha

Sai yanzu muka zo wajen mai kwamfuta. Tambaya ta farko da zaka masa: fayil ɗin nan na wane oktan ne, wato lambar da ke nuna yadda mai ke jure matsi kafin ya fashe? Nan mutane da yawa suke faɗawa. Man gidajen manmu kusan 91 ne a ma'aunin RON. Fayilolin da ake saukewa daga Amurka an rubuta musu 91 ko 93, amma ma'auninsu daban ne, 91 ɗinsu kusan 95 ne a RON, 93 kuma kusan 98, namu 91 ɗin yayi daidai da 87 nasu ne. Na Turai kuma 95 da 98 suke rubutawa. Kaga kenan wanda ya ga "91" ya ce ai irin namu ne, ya ɗora wa motarsa fayil ɗin man da babu shi a unguwarsu.

Abin da ke biyo baya: mai na fashewa kafin lokacinsa a cikin silinda, wani lokacin zaka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, sensa ta ji, kwakwalwa ta ja lokacin wuta baya ta ƙara zuba mai don sanyaya ciki. Ƙarfin da ka biya kuɗi baka samu ba, mai ya ƙaru, fistin kuma yana shan wahala. Ka sa a ɗauki bayanan motar tana tafiya a giya ta uku ko ta huɗu a titin da babu mutane, wani na riƙe da wayar ba kai direba ba. In ana ganin tana janye lokacin wuta digiri 3, 4 ko fiye a kai a kai, fayil ɗin yafi ƙarfin man. A sauko da bust, a sa fayil mafi ƙarancin oktan da suke dashi, ko a rubuta maka na musamman a kan manmu.

Abu na biyu, ka ce a kashe ƙarar tas-tas da salansa ke yi in ka saki totur. A motar asali in ka ɗaga ƙafa tana cikin giya injekta rufewa suke gaba ɗaya, ko ɗigo baya shiga. Fayil mai tas-tas yana cigaba da zuba mai ya ƙone shi a cikin salansa don kawai a ji ƙara, yana kuma gasa turbo da katalis.

Na uku, in kayanka na bada damar canza fayil, irin MHD da bootmod3 a BMW, Cobb Accessport, ko JB4 da ake mayarwa sifili ta koma kamar ba'a taɓa ta ba, ka ajiye mai ƙaramin bust na zuwa aiki kullum, mai ƙarfin sai ranar da kake buƙata.

A kula: kar ka yarda wani ya "rage maka mai" a wajen bust don tattali. A tafiyar hankali inji na cakuɗa iska 14.7 da mai 1, in bust ya shigo ana sauko dashi wajen 12 ko ƙasa da haka da gangan, ƙarin man ne yake hana fistin narkewa. Wanda ya taɓa wannan injinka zai buga, kuma kuɗin inji ya ninka duk man da zaka tara. Sannan a haɗa caja a batir lokacin ɗora fayil, in wuta ta yanke a tsakiya kwakwalwar na iya mutuwa. Man 'yan bumburutu kuwa kar ya shiga wannan motar ko da layi ya kai ina.

7. Ƙafarka

In an gyara duk na sama, nan ne mafi girman ragin yake. Ka ɗora wayar a inda zaka gani ba tare da ka ɗauke ido daga titi ba, ka buɗe agogon bust na sati ɗaya. Ƙasa da sifili inji na zuƙar iska da kansa kamar ƙaramar mota, sama da sifili turbo ya shigo, injinka mai lita 2.0 ya fara ci kamar V6. Abin da zai baka mamaki shine yadda tunin yake sa bust ya shigo da ɗan taɓi kaɗan, daga danja zuwa danja ma kana shiga baka sani ba. Ka koyi tashi allurar na ƙasa da sifili ko dab dashi, bayan kwana kaɗan ƙafar zata saba ko ba waya.

Mai otomatik ya bar ta a D ko Comfort, Sport yana riƙe giya ƙasa. Mai kulochi ya canza giya in juyin inji ya kai wajen 2,000 zuwa 2,500, amma ga gargaɗi babba: kar ka taka totur har ƙasa kana babbar giya inji na juyi 1,500. Wannan ne yake fasa fistin a injinan turbo masu fesa mai kai tsaye, in zaka wuce tirela ka sauko da giya tukuna.

In ka hango danja ko shingen jami'ai ka ɗaga ƙafa tun daga nesa ka bar ta a giya. Sakin mota a firi yana shan man silo, a giya kuwa ba ta shan komai, ga shi birki yafi kamawa. A babban titi iska ce abokiyar faɗa, turjiyarta a gudun 140 ta kusa ninka ta gudun 100. Kano zuwa Kaduna kusan kilomita 230 ne, a 100 awa biyu da minti 18, a 130 awa ɗaya da minti 46, wajen rabin awa kenan ka saya da litoci masu yawa, ka gwada sau ɗaya a 100 zuwa 110 ka auna da kanka.

Ɗumama mota minti goma da safe ba dole bane, daƙiƙa talatin ta isa sai ka tafi a hankali, kar dai ka shiga bust sai baƙin mai yayi zafi. Bayan gudu mai tsawo ka bata minti ɗaya kafin ka kashe saboda turbo. Zaman jira da esi a kunne kuma yana cin kusan lita a awa, a ƙofar makarantar yara ko bakin kasuwa in akwai inuwa ka kashe.

8. Taya da kaya

Iskar taya ka bi takardar da ke jikin ƙofar direba, yawanci 32 zuwa 36, a auna da safe kafin taya tayi zafi. Ka sayi gejinka, na masu faci ba duka ke faɗin gaskiya ba. Kar ka bari a cika maka 45 ko 50 wai don tattalin mai, a kwaltar bazara hatsari ne kuma birki baya kamawa sosai. Rim 19 ko 20 da faffaɗar taya suna da kyau a ido amma nauyi ne, in kana da na asali a ajiye ka mayar ka ga bambanci. A duba alaimen in mota na ja gefe, a ɗaga ta a juya kowace taya da hannu ko birki na riƙewa. But ɗin ma a sauke jarkoki da kayan da suka shekara a ciki.

9. Inda kar ka kai kuɗinka

Maganaɗisun da ake ɗaurawa a bututun mai, da ɗan akwatin da ake cusawa a ramin sikana wai yana rage shan mai, da ƙwayoyin da ake jefawa a tanki, duk ba abin da suke yi. Ƙananan kwalaben ƙarin oktan mafi yawansu abin da suke ƙarawa bai kai lamba ɗaya cikakkiya ba, ba zasu mayar da manmu 98 ba. Masu tambayar mayar da motar CNG kuma su sani injin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, irin TSI na Volkswagen da na BMW da C300, kayan haɗinsa daban ne da na Corolla, yafi tsada, kuma dole ya cigaba da shan ɗan fetur don injektocin kar su ƙone.

In motar ta haura kilomita dubu 100 kuma duk ka yi na sama amma tana karkarwa da safe, a buɗe a duba bawul ɗin shigar iska, a irin waɗannan injinan baƙin gawayi na taruwa a bayansu saboda fetur baya wanke su, kuma maganin da ake zubawa a tanki baya kaiwa wurin, sai an kankare. Duk gyaran da ka yi, guda ɗaya zaka yi ka cika tanki ka sake awon mataki na 1 kafin ka taɓa na gaba, ka rubuta kwanan wata da abin da aka canza kusa da lambar.